Zaren da Na Kai wa Inna Madina

Tun ranar da na dawo daga Madina ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo, kowa ya gan ni sai ya ce, "Malama Rabi, ya garin Manzo?" Na raba dabino da zamzam har sun ƙare, masu tambaya ba su ƙare ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Amma masu son jin labarin kasuwar zinariya su yi haƙuri, don ni wata guda na yi a garin nan kaina a ɗage, ina kallon sama.

Sai na fara gaya muku dalili. Mahaifiyata Ladi, wadda muke kira Iya, tana da ya, wato babbar 'yar'uwa, ɗaya tak. Tun kafin a haife ni yar nan tata ta bi mijinta aikin hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka yi shekara bakwai a hanya, suka kuma zauna a Madina. A gidanmu na Gumel sunanta Inna Madina. Fiye da shekara hamsin ba su sake ganin juna ba, kuma babu mai rubutu a cikinsu. Sai suka yi wa kansu wasiƙa irin tasu. Duk sanda Iya ta ga jinjirin wata da idonta, sai ta yi wa yarta addu'a, ta yi ƙulli ɗaya a jikin wani farin zare mai kauri da ta kaɗa da kanta. Da hagu take ƙullawa, don ban da cin abinci komai da hagu take yi. Idan alhazai za su tashi ta ba su zaren, su dawo mata da na Inna.

A daminar shekarar dubu biyu Iya ta rasu, ta bar ƙulli shida a zarenta. Muka aika wa Usman, ɗan Inna, sai ya bugo waya yana roƙon kada a gaya wa tsohuwa, wai zuciyarta ta yi rauni, likita ya ce a kiyaye. Da ɗana Nasiru, wanda ke aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti a can, ya aiko mini da takardun ziyara, sai na ɗauko zaren nan na zauna ina dubansa. Wata huɗu sun tsaya bayan rasuwarta. Na ƙulla huɗu na cike goma, na ce ai ƙulli ƙulli ne.

Mun tashi daga Kano a goman ƙarshe na azumi, bayan jirgi ya shanya mu tun hantsi har la'asar. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Damagaram mai sayar da turaren wuta, wadda ta ce ita kanta ta daina lissafin zuwanta. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta riƙe mini hannu da jirgi ya ɗaga ina ta salati da ƙarfi, ita kuma ta cinye kazar da aka ba ni ta buɗa-baki da ta ga na kasa ci.

A Jidda aka buɗe jakata. Na naɗe daddawa da leda uku, amma daddawa ba ta san kunya ba. Ma'aikacin ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokinsa, shi ma ya toshe. Wannan duk da dariya aka wuce shi. Da hannunsa ya kai kan zaren Iya sai dariyar ta ɗauke. Ya ɗaga shi da yatsu biyu yana ƙirga ƙullin, yana mini magana da sauri. Ashe a can zare mai ƙulle-ƙulle kayan masu sihiri ne. Na ga zai jefa shi a kwando.

Hajiyar Damagaram ta matso da Larabcinta na kasuwa. "Me zan ce masa?"

"Ki ce masa kalandar tsohuwa ce. Duk ƙulli wata ɗaya."

Ta faɗa masa, tana nuna sama tana lanƙwasa yatsa kamar jinjirin wata. Ya ƙirga da yatsunsa daga Zulhajji zuwa Ramadan, ya ga goma cif. Ya dube ni, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce wani abu a hankali. Hajiya ta ce wai kakarsa ma da tsakuwa take yin nata.

Nasiru ya tarbe ni, muka yi umra, muka hau bas zuwa Madina. Tun a waya ya ce in taho da rigar sanyi, na ce yaron nan ya raina ni, ƙasar da ake cewa rana na dafa ƙwai. To, kafin mu kai rabin hanya haƙorana suna haɗuwa. Da muka tsaya shan ruwa aka kawo mini shayi a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, na shanye shida a jere, mai shayin yana ta kallona.

Gidan Nasiru a Khalidiyya yake, bene mai kyau, ga ruwa ga wuta. Sai dai kwana biyu na yi ban ji sallamar kowa ba. Ƙofa na kallon ƙofa, ba ka san wa ke ciki ba. Mutane su wuni suna barci, in an yi tarawi gari ya farka kamar safiya. Na ce masa ya kai ni wajen Inna kafin in manta yadda ake gaisuwa.

Usman ne ya zo ɗaukata ranar jajibirin sallah. Dattijo ne, direban bas ɗin makaranta, a can aka haife shi. Kamarsa ɗaya da wani ɗan'uwanmu na Gumel, amma in ya buɗe baki sai ka rasa ko daga ina yake.

"Ya Rabi, ki ji," ya ce yana tuƙi. "Ummi galbinta ta'aban, zuciya ba lafiya. Kada ki faɗi. In ta tambaya, hala, ƙanwar nan tata, tana lafiya, halas."

"In ta matsa fa?"

"Ki ce tana gaishe ta. Wallahi ina tsoro, ya uhti."

Na ce to. Ni da na shekara talatin ina dukan yara a kan ƙarya.

Unguwar su Inna, Harra ta Gabas, ita ce ta yi mini kama da gida. Lunguna ne matsattsu a kan baƙin dutse, ƙofofi a buɗe, nan ka ji Hausar Kano, can ta Nijar, gaba kuma wata mai ɗanɗanon Sudan. Na tarar da Inna zaune a kan darduma, 'yar ƙarama, idanunta sun yi fari fat, shekara uku ke nan ba ta gani. Na durƙusa zan gaishe ta, sai na ga fuskar Iya ce zaune a gabana. Ta shafa goshina da kuncina, ta ce, "Hancin Ladi ne. Zauna, ɗiyata. Ina zarena?"

Na sa mata a hannu. Ta bi shi da yatsu tun daga farko, a hankali, ƙulli bayan ƙulli. Ta kai ƙarshe ta sake komowa. Sannan ta naɗe shi ta sa a aljihun rigarta.

"Ya Ladin?"

"Tana gaishe ki, Inna."

"Ba ta aiko da kaset ba bana?"

"Mura ta dushe mata murya."

"Allah Sarki," in ji ta. Ta juya ta ce a ɗora tukunya, yau miyar kuka za ta sha ko da a ce sallah ta ƙi zuwa.

Daren nan a talabijin aka faɗi cewa gobe sallah. Babu wanda ya leƙa waje. Na tuna yadda a gida ake cika bakin gari, yara a kan katanga, tsofaffi suna gardamar wa ya fara gani. Inna ta yi tsaki ta ce tun da idonta ya tafi ba ta ƙulla komai ba, don jikokinta daga jikin takarda suke karanto mata wata, ita kuwa ba ta ƙulla abin da ido bai gani ba. "Amma yanzu na samu ido," ta ce. "Nan za ki zauna. Nasiru ya yi haƙuri."

Haka muka fara. Kullum da magariba in riƙe hannunta mu hau saman gida, matakala goma sha tara, tana hutawa sau biyu. Katangar saman ta fi ni tsawo, sai na taka bulo. Ranar sallah na ga jinjirin wata a yamma, siriri kamar yankan farce, can ƙasa inda sama ta yi ja.

"Ina bakinsa ya kalla?"

"Sama, Inna, ya ɗan karkata hagu."

"Zara fa?"

"Tana can samansa, da nisa. Ta fi kowa haske."

"Ba shi kwana biyu, zai je ya same ta."

Ta ciro sabon zare ta ƙulla, tana motsa baki. Na san wa take yi wa addu'ar lafiya da tsawon rai, sai na juya na ci gaba da kallon yamma. Bayan kwana biyu kuwa ga wata ga Zara kusa da juna, kamar yadda ta faɗa.

A saman nan ta ba ni labarin babansu, kakana. Manomi ne, amma shi ake tambaya yaushe za a yi shuka, don ya san taurari. Da ya ga ba shi da ɗa namiji sai ya raba wa 'ya'yansa mata aikin. Iya, ƙarama, ya ba ta yamma, daga tsayuwar wata zuwa cikarsa. Inna, da take tashi dakan asuba, ya ba ta sauran. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Iya ta koya mana rabin wata kawai, in ya cika sai ta ce, "Sauran na Yaya ne."

Rabin farko na san shi, sai dai Inna ta yi ta gwada ni. Daren bakwai wata ya zama rabi, yana tsakiyar sama tun magariba. Wajen daren sha ɗaya ya isa kusa da Kaza da 'Ya'yanta, haskensa ya haɗiye 'yan tsakin har sai na kare shi da tafin hannu kafin in ga huɗu. Kusa da su akwai wasu manya biyu da ba sa ƙyaftawa. Inna ta ce waɗannan baƙi ne, matafiya, bara ba nan suke ba, baɗi ma ba za a same su nan ba. Nasiru da ya zo gaishe mu ya ce sunansu Mushtari da Zuhal, kuma duniyoyi ne manya. Inna ta ce, "To, su ma dai baƙin ne, kamar mu."

Da rana ina zuwa masallacin Annabi, na je masallacin Ƙiblatain, na koyi cin wake da wani faffaɗan burodi da safe. Na kuma koyi cewa in ba ka girgiza ɗan kofin gahawa ba, ba za su daina zuba maka ba. Ranar farko a gidan maƙwabta sai da na sha har hannuna na rawa. Amma duk inda nake, zuciyata na kan magariba, rabi ɗoki rabi tsoro, don kullum sai ta jefo tambaya. Ladi na iya hawa katanga har yanzu? Wa ke kaɗa mata auduga? Ni kuma ina ta jera ƙarya, kowace na buƙatar wata ta tallafe ta. Na tsani kaina a kwanakin nan.

Daren sha huɗu wata ya fito daidai faɗuwar rana, cikakke. Bayan isha'i da ɗan jimawa muna zaune cikin bargo, sai na ga gefensa ya yi duhu kamar an gutsura.

"Inna, wata ya yi zazzaɓi!"

"Da gaske? Faɗa mini, faɗa mini!"

Na yi ta faɗa mata yana raguwa, har ya rufe duka ya koma ja-ja kamar garwashin da toka ta lulluɓe. Taurarin da haskensa ya ɓoye suka fito tar. Masallatai suka ɗauki kiran sallar husufi ta ko'ina. Inna ta lalubo kwanon da muka ci dabino da cokali, ta shiga bugawa, ƙwan ƙwan ƙwan, yadda yara ke yi a gida don a saki wata. Usman ya hauro da gudu, carbi a hannu.

"Ya Ummi! Aib! Maƙwabta za su ce me?"

"Su ce tsohuwa ta haukace. Tafi sallarka, mu ma za mu yi tamu."

Ta yi dariya har da tari. Da muka idar da sallah ta ce sanda suna yara, duk ranar da aka yi haka Ladi kuka take yi, wai ba zai dawo ba, sai ta goya ta tana lallashi. "Har yanzu tana tsoro?"

Na ce, "Ta daina, Inna."

Muka zauna har gefen watan ya fara washewa, na gaya mata, ta ce alhamdu lillahi.

Daga nan aka shiga rabinta, kuma malamar ta canza. Babu wasa. Ta ce in lura kullum yana ƙara makara, yau bayan magariba, jibi sai bayan isha'i, har ya koma sai tsakar dare. Ta ce waɗannan ne dararen taurari, don mai gidan ba ya nan. Ta sa Usman ya fitar da mu bayan gari inda babu fitilu, ta ce in juya kudu in duba ƙasa-ƙasa. Na ga wani babba shi kaɗai yana walƙiya. Usman ya ce Suhailu ke nan, Larabawa na jiransa don in ya fito zafi ya kusa karyewa. Inna ta ce shi ta riƙa dubawa a hanyar Sudan, don a gida ya fi haka tsawo a sama, kullum suka yi arewa yana ƙara sauka.

Sannan ta mayar da hawanmu asuba. Kafin kiran farko za ta taɓa ƙafata. Daren ashirin da biyu wata ya koma rabi, amma ɗaya gefen ne mai haske. Ta nuna mini inda zan nemi taurarin Kunama a gabas, da jan tauraron da ke ƙirjinta. Na ce ban ga Gamzaki ba. Ta ce ba zan gan shi ba, in Zara na yamma shi ba ya fitowa, babansu ya ce ba a taɓa ganinsu rana ɗaya ba. Komai ta faɗa sai ta sa na maimaita, in na kuskure ta buge mini gwiwa. Na ce, "Inna, wannan sauri fa?" Ta ce, "Bizarki ba ta jira."

Daren ashirin da takwas na gan shi siriri a gabas gab da fitowar rana, kamar jinjirin farko amma a juye. Washegari babu shi. Inna ta ce kwana biyun nan na duhu, babansu cewa yake a bar shi ya huta, kada a neme shi.

Saura kwana biyu in tafi muka hau neman sabon wata. Tun rana na san za ta ba ni zarenta ta ce in kai wa Iya, kuma ban san da wane hannu zan karɓa ba. Na taka bulo, na daɗe ina dubawa, sai ga shi.

"Ya tsaya, Inna."

Ba ta ciro zarenta ba. Na Iya ta ciro. Ta kamo hannuna ta ɗora yatsana a kan ƙullin farko, ta riƙa jansa.

"Ɗaya. Biyu. Ji yadda bakinsa ya kwanta. Uku, huɗu, biyar, shida. Wannan hannun Ladi ne, bahaguwa." Ta matsar da yatsana gaba. "Wannan kuwa na mai dama ne. Da wannan, da wannan, da wannan."



"Da damina ke nan," ta ce. "Gero ya fitar da kai?"

"Ya fara, Inna."

"Ta sha wahala?"

"Kwana uku kawai. Ran Juma'a da hantsi."

Ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙan Ladi. Ni ce na fashe da kuka, na kifa kaina a cinyarta ina cewa ta yafe mini. Ita ke bubbuga bayana.

"Tun ranar da kika zo na sani. Shekara hamsin ina karanta hannun nan, ke za ki rubuto mini da wani?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, da zaman makoki za a yi, gida ya cika, wa zai bar ni in hau sama? Ga rabin Baba a bakina, ba wanda na ba. Kukana kuwa na yi shi, kina barci." Ta share mini fuska da gefen mayafinta. "Usman kuma ki bar shi da ni. Yaro ne, yana tsoro."

Ta ciro nata zaren mai ƙulli ɗaya, ta ƙulla na biyu, ta naɗe shi ta damƙa mini.

"Wa zan kai wa, Inna?"

"Naki ne. Ni ma ki riƙa aiko mini naki. Amma da damarki, kada ki kwaikwayi hannun kowa."

Dawowa ba ta da labari. Jirgi ya sake makara, jakar dabino ɗaya ta fashe, ban ko damu ba.

Masu tambaya ya garin Manzo, to ga abin da na gano. Maƙwabtan da suke ganina da asuba a tsakar gida ina kallon gabas kuma su kwantar da hankalinsu, lafiyata ƙalau. Alhazan bana sun riga sun tashi kafin in tara abin aikawa, sai na baɗi. Jiya da magariba na yi ƙulli na uku a sabon zare. Ban iya kaɗi ba, a kasuwa na sayo shi, kuma na san da ta taɓa za ta gane.